Bututun ɗaci na hanta: zanen da ke cikin littafi ba na kowa bane

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin sassan jikin ɗan adam ya kai shafin hanta zai ga wani zane da kusan kowane littafi ke maimaitawa. Bututu ɗaya ya fito daga ɓangaren dama na hanta, ɗaya ya fito daga hagu, su haɗu su zama guda, can ƙasa kaɗan bututun matsarmama ya shigo ta gefe, daga nan a gangara har cikin hanji. An shafa wa bututun kore, jijiyoyin jini an basu ja da shuɗi, komai tsaf-tsaf gwanin sha'awa. Toh amma a cikin mutum 10, wajen 6 ne kawai zaka duba ka tarar da abun yadda aka zana shi. Sauran kowa da irin nasa tsarin, kuma lafiyarsu ƙalau suna yawonsu, yawanci har su koma ga Allah basu san nasu ya sha bamban ba. Ranar da bambancin ke zama magana ita ce ranar da wuƙar likita ta doshi wajen, kuma wannan ne yasa nake ganin ya kamata mutane su san wannan ɗan lungu na jikinsu.

Bari mu faro daga sama. Hanta tana can saman ciki ta hannun dama, haƙarƙari ya rufe ta, a babban mutum nauyinta wajen kilo 1.5 ne. Cikin ɗimbin ayyukanta akwai haɗa ruwan ɗaci, dare da rana ba hutu, a kwana ɗaya tana fitar da rabin lita ko ma fiye. Mutane da yawa suna ɗauka matsarmama ce ke yin ruwan, a'a, ajiya kawai take yi. Ruwan nan aiki biyu yake yi lokaci guda: gishirin da ke cikinsa shi ke farfasa maiƙo a hanji jiki ya samu ya tsotse shi tare da bitamin A, D, E da K, sannan kuma ta cikinsa hanta ke zubar da abubuwan da jiki ya gama dasu, kamar rarar kolestirol da wani sinadari mai launin rawaya da ake kira bilirubin, wanda ke fitowa idan jajayen ƙwayoyin jini sun tsufa an rushe su bayan sun yi kamar kwana 120. Kenan idan hanyar ta toshe asara biyu aka yi, abun da hanji ke jira bai iso ba, abun da ya kamata a zubar kuma ya dawo cikin jini.

Mafarin hanyar shine abun da ya fi bani mamaki tun muna karatu. A farko-farko babu ma wani bututu mai bangon kansa. Ƙwayoyin hanta guda biyu ne ke jingine da juna, kowacce da ɗan kwarmi a gefenta, idan suka haɗu sai kwarmin biyu su bada wata 'yar siririyar hanya da faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin 1000 na milimita ba, kuma ƙwayoyin sun liƙe gefe da gefen hanyar gam don kada ɗigon ɗaci ya tsallaka cikin jinin da ke wucewa ta ɗaya fuskar tasu. Jini na tafiya daga gefen kowane ɗan gungun ƙwayoyi zuwa tsakiyarsa, ruwan ɗaci kuma na yin akasin haka, daga tsakiya zuwa gefe, suna gab da juna amma basa gauraya. A gefen ne ƙananan hanyoyin ke zubawa cikin wasu gajerun mashigai da ake kira da sunan Ewald Hering, masanin da ya bayyana su a ƙarni na 19, daga nan ne bututu na gaske mai shimfiɗar ƙwayoyinsa na kansa yake farawa.

Daga wannan mataki bututun baya tafiya shi kaɗai. Duk inda ka ganshi a cikin hanta zaka tarar da abokai biyu a gefensa, reshen jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da reshen babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji, su ukun a naɗe cikin tantani guda, wanda Francis Glisson na Ingila ya yi bayaninsa tun 1654. Idan ka yanka hanta ka ƙura wa fuskar yankan ido zaka ga 'yan farare-fararen zagaye nan da can, a cikin kowanne akwai rami babba mai laushi wanda ya ɗan lotse, da ƙarami mai kaurin bango, da wani da bakinsa ya rine rawaya-rawaya ko kore-kore, toh wannan na ƙarshen shine namu. Ƙanana suna haɗuwa su zama matsakaita, matsakaita su zama manya, tamkar rassan bishiya da ke tattaruwa zuwa gindi, sai dai ita wannan gindin nata a ƙasan hanta yake.

A 1957 wani likitan fiɗa ɗan Faransa mai suna Claude Couinaud ya fitar da aikin da ya kasa hanta gida 8, kowane gida da jijiyoyin jininsa da bututun ɗacinsa, har yau kuma da waɗannan lambobin likitoci ke magana da juna. Gida na 2 da na 3 da na 4 suna zubawa a bututun hagu. A dama kuma rassa biyu ne, na gaba yana kwashe gida na 5 da na 8, na baya yana kwashe na 6 da na 7, su haɗu su bada bututun dama. Gida na 1 da ke can baya kusa da babbar jijiyar da ke maida jini zuciya bai zaɓi ɓangare ba, yana zuba ƙananan bututunsa dama da hagu. Wani abu kuma, iyakar dama da hagu ba a wajen tantanin nan da ido ke gani a gaban hanta take ba, tana kan wani layi da babu alamarsa a waje, daga makwancin matsarmama zuwa waccan babbar jijiya ta baya.

Bututun dama gajere ne, da ƙyar yake kai santimita 1 a wajen hanta kafin ya haɗu da ɗan uwansa. Na hagu ya fi shi tsawo kuma yana kwance ne a ƙarƙashin gida na 4, shi yasa idan ɓarna ta faru aka zo gyara likitoci ke murna dashi, don akwai wajen kamawa a yi ɗinki. Mahaɗarsu tana daidai ƙofar hanta, daga nan bututu guda ya sauko kamar santimita 3, shine bututun hanta na tarayya.

Toh nan fa ake yinta. Reshen nan na baya na ɓangaren dama, mai kwashe gida na 6 da na 7, shine sarkin saɓa tsari. A wasu mutanen maimakon ya haɗu da ɗan uwansa na gaba sai ya tsallaka ya je ya zuba a bututun hagu, kuma wannan ba abu ne da ake daɗewa ba a gani ba, ya fi mutum 1 cikin 10. A wasu kuma babu ma bututun dama sam, rassa uku ne ke haɗuwa wuri ɗaya, na gaba da na baya da na hagu. A wasu, kuma wannan ne ya fi tada hankali, sai ya sauko ƙasa shi kaɗai ya shiga bututun tarayya gab da inda bututun matsarmama ke shiga, wani lokaci ma cikin bututun matsarmamar kansa yake zubawa. Ka duba fa, idan za a cire rabin hagu na hantar mutum saboda ƙari, kuma shi mai irin tsarin farko ne, aka ɗaure bututun hagu daga gindinsa ba a lura ba, an rufe wa gida biyu na ɓangaren da aka bar masa hanya kenan. Haka ma wanda zai bada rabin hantarsa a dasa wa ɗan uwansa, dole sai an ɗauki hoton bututunsa tukuna, don a san baki ɗaya za a tarar a wajen yankan ko biyu ko uku, kowanne kuma sai an ɗinke shi.

Dalilin wannan bambanci yana komawa ne tun ciki. A mako na 4 da samun ciki wani ɗan tsiro ke ɓullowa daga jikin abun da zai zama farkon hanjin ɗan tayi, daga shi hanta da matsarmama da bututun duk ke fita, yana rassa yana miƙewa yayin da hanjin kansa ke juyawa, kuma ba dole rassan su tsaya a wuri ɗaya ga kowa ba.

Sai matsarmama. Tana manne a ƙasan hanta, tsawonta santimita 7 zuwa 10, abun da take ɗauka bai wuce mililita 30 zuwa 50 ba, amma tana tsotse ruwa daga abun da ya shigo mata har ya yi kauri ninki 5 zuwa 10. Bututunta kamar santimita 2 zuwa 4 ne, cikinsa ba sumul yake ba, akwai wasu naɗe-naɗe a murɗe da ke ɗauke da sunan Lorenz Heister na Jamus, su ke sa tura ɗan siririn tiyo ta cikinsa ke da wahala. Shi ma wannan bututun baya jin magana. Wani ya shigo ta gefen dama a karkace yadda littafi ya ce, wani ya jera da bututun tarayya su yi ta tafiya manne da juna cikin tantani guda sai can ƙasa su haɗu, wani ya zagaya ta baya ya shigo ta hagu, wani kuma gajere ne ƙwarai har kamar matsarmamar a jikin babban bututun take zaune. Ƙari akan haka wasu mutanen suna da 'yan ƙananan bututu a makwancin matsarmama, waɗanda idan aka ɓanɓare ta suke iya yoyo daga baya.

Daga inda bututun matsarmama ya shigo zuwa ƙasa sunan ya canza, ya zama babban bututun ɗaci. Tsawonsa wajen santimita 6 zuwa 8, faɗinsa a hoton sikanin yawanci baya wuce milimita 6, ko da yake yana ɗan ƙara buɗewa da tsufa ko bayan an cire matsarmama. Milimita 6 fa jama'a, kuma duk abun da hanta mai kilo 1.5 ta haɗa ta nan zai bi, babu wata hanya ta biyu. Yana saukowa ne a bakin wani tantani tare da abokansa na tun farko, shi a gaba ta dama, jijiyar jinin zuciya a gaba ta hagu, babbar jijiyar hanji a bayansu. Sai ya bi ta bayan farkon ƙaramin hanji, ya ratsa ta bayan kan fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai haɗa ruwan narka abinci, ko ma ta cikin namansa, ya huda bangon hanjin a karkace. A mafi yawan mutane nan yake haɗuwa da bututun fankiriyas su fita ta ƙofa ɗaya, wani ɗan tudu a cikin hanji da ake dangantawa da Abraham Vater wanda ya yi bayaninsa a 1720. Kewaye da ƙofar akwai zoben tsoka mai tsukewa da saki, wanda Ruggero Oddi ya bayyana a 1887 yana ɗalibi a Italiya, shekarunsa basu fi 23 ba.

Wannan zoben shine ke cika matsarmama, abun da mutane da yawa basu lura dashi ba. Idan ba a ci komai ba yana tsuke, ruwan da ke gangarowa daga hanta ya iso ya tarar a rufe, sai ya taru ya koma sama ya bi ta bututun matsarmama ya shige ta. Da an ci abu mai maiƙo ya iso farkon hanji, bangon hanjin ya saki wani sinadari cikin jini, matsarmama ta matse, zoben ya saki, ruwa mai kauri ya kwararo kan abincin. Kenan bututun matsarmama shi kaɗai ne ruwa ke bi ta cikinsa shiga da fita. Can ƙarshen ƙaramin hanji kuma jiki na sake tsotse wajen kashi 95 cikin 100 na gishirin ɗacin ya maida wa hanta ta sake amfani dashi. Shi yasa wanda aka cire wa matsarmama ke rayuwarsa lafiya, ma'ajiyar ce ta tafi, hanyar tana nan. Doki ma bashi da ita sam tun asali.

Idan ka riƙe wannan taswira a kai, alamomin ciwo sai su dinga gaya maka inda matsalar take. Idan tsakuwar da kan haɗu a cikin matsarmama ta maƙale a bututunta, mutum zai sha azabar ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama har ya dinga jinsa a kafaɗa ko baya, amma yawanci ido baya yin rawaya, don babbar hanya a buɗe take. Tsakuwar nan dai idan ta zarce ta faɗa babban bututu ta toshe shi, sai shawara ta bayyana, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya koɗe ya yi fari-fari saboda launinsa dama daga bilirubin yake samowa, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Idan ƙwayoyin cuta suka samu shiga ruwan da ya tsaya sai zazzaɓi da rawar ɗari su haɗu da shawarar da ciwon, alamu ukun da Jean-Martin Charcot ya haɗa a 1877, kuma wallahi wannan ba ciwon da ake zama a gida ana jira ya wuce bane, yana kisa cikin ƙanƙanin lokaci idan ba a buɗe hanyar ba. Ta sauka can ƙofar ƙarshe kuwa, tana iya toshe wa fankiriyas ma hanya shi ma ya kumbura. Ciwon daji a kan fankiriyas yana matse bututun ta waje, shi yasa sau da yawa alamarsa ta farko shawara ce ba tare da wani ciwo ba. Idan kuma ɓangare ɗaya ne kawai ya toshe a sama, dama ko hagu, mutum na iya zama ido fari tas, don ɗaya rabin ya ishe shi tace jini, sai dai wanda ya toshe ya yi ta ƙanƙancewa a hankali.

Jarirai kuma akwai waɗanda bututun nasu na waje ke lalacewa ya toshe tun makonnin farko. Jaririn da shawara ta wuce masa mako 2, musamman idan kashinsa fari-fari ne, a kai shi a duba. Tiyatar da Morio Kasai na Japan ya ƙirƙiro, inda ake jona hanji kai tsaye a ƙofar hanta, tafi yin aiki idan an yi ta kafin yaro ya cika kamar kwana 60.

Yanzu bari in dawo kan abun da ya fi damuna. Hanta an santa da farfaɗowa, a yanke mata babban kaso ta sake girma. Bututunta bashi da wannan baiwar. Ƙwayoyin hanta suna shan jini ta hanya biyu, shi kuwa bututun da jinin jijiyar zuciya kaɗai ya dogara, ta wasu sirara guda biyu da ke bin gefensa dama da hagu, likitoci na kiransu ta ƙarfe 3 da ta ƙarfe 9, kamar a fuskar agogo. Aka kankare shi da yawa, ko aka ƙona gefensa da na'urar tsaida jini, sai wajen ya rasa jini ya warke da tabo, tabon ya tsuke, bayan watanni ko shekaru shawara ta taso.

Cire matsarmama na cikin tiyatocin ciki da aka fi yi a duniya. Carl Langenbuch ne ya fara yinta a Berlin a 1882, a 1985 kuma Erich Mühe, shi ma a Jamus, ya yi ta ta ƙananan huji da madubin leƙe. A allon talabijin na ɗakin tiyata babu kore babu ja babu shuɗi, kitse ne rawaya ya lulluɓe komai, idan an sha kumburi a baya ma duk ya cakuɗe ya yi tauri. Mataimaki ya kama kan matsarmama ya ɗaga sama, idan aka ja da ƙarfi sai bututunta da babban bututun su miƙe su zama layi ɗaya, ido ya ga siririn abu fari yana fitowa daga wuyan matsarmama ya gangara, zuciya ta ce ai shine. A sa masa maƙalin ƙarfe, a yanke, ashe babban ne. Galibin irin wannan ɓarna ba daga rashin iya riƙe kayan aiki take zuwa ba, daga gaskata ido take zuwa, mutum ya ga abun da yake tsammanin gani. Tana faruwa ga 'yan ƙalilan cikin kowane mutum 1000 da aka yi wa aikin, adadin kamar kaɗan, amma ga wanda abun ya faɗa wa rayuwarsa ce ta canza.

Shi yasa ake ta nanata wa masu koyo maganar ɗan fili mai kusurwa uku da Jean-François Calot ya bayyana a 1891, wanda a yau ake iyakance shi da bututun matsarmama, bututun hanta na tarayya da ƙasan hanta. Ta cikinsa jijiyar jinin matsarmama ke ratsawa, wani lokaci jijiyar dama ta hanta ma takan lanƙwaso ciki, kuma nan ne wancan reshen baya mai saɓa tsari ke ɓuya. A 1995 Steven Strasberg ya tsara ƙa'idar da ni dai nake ganin babu ta biyunta: a share filin nan tas daga kitse, a ɓanɓare ƙasan matsarmama daga jikin hanta har a hango hantar ta bayanta, a tabbatar abu biyu ne rak ke shiga matsarmamar, bututunta da jijiyarta, sannan a taɓa almakashi. Idan wajen ya ƙi fitowa akwai dabarar da Pablo Mirizzi na Ajantina ya kawo tun farkon shekarun 1930, a ɗura ruwan da ke fitowa a hoto cikin bututun ana tsakiyar aiki a ɗauki hoton taswirar shi wannan mutumin da ke kwance. Idan duk da haka ba a gane ba, a cire abun da ya ciru na matsarmamar a bar wuyanta, ko a buɗe cikin sosai, ko a kira wanda ya fi gogewa. Ban taɓa ganin wannan a matsayin gazawa ba, likitan da ya tsaya a nan shi nake so ya yi wa nawa aiki.

Idan ƙaddara ta riga fata an yanke babban bututun, yawanci ba haɗa bakin biyu ake yi a ɗinke ba, don jinin wajen ya riga ya taɓu kuma ɗinkin kan tsuke. Ana jawo wani sashe na ƙaramin hanji ne a kai shi sama a ɗinke shi da lafiyayyen bututu kusa da ƙofar hanta, kuma an fi samun nasara idan waɗanda suka saba aikin hanta ne suka yi tun karon farko, sannan a ci gaba da bibiyar mutum shekaru. Ƙaramin yoyo kuwa sau da yawa ta baki ake zura tiyo mai kyamara har farkon hanji, a shiga ta ƙofar nan ta ƙarshe a sa ɗan bututun roba ruwan ya samu sauƙin wucewa har wajen ya rufe da kansa. Don haka duk wanda aka cire wa matsarmama, kwana biyu-uku suka wuce ciwon ciki na ƙaruwa maimakon raguwa, ko cikin ya kumbura, ko zazzaɓi ya taso, ko ido ya fara rawaya, kar a tsaya cewa ai zafin tiyata ne, a maida shi asibiti a ranar a ce a duba bututun.